Waya da Kuɗin Mota: Jawabina Kan Mutuwar Mata Wurin Haihuwa

 

Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba. Shekarun baya, maƙwabciyarmu a ƙauye ta haihu a gida cikin dare, jini ya ɓalle mata. Kafin a samu mota, a haɗa kuɗin mai, rai ya yi halinsa. Na san a cikinku babu wanda bai san irin wannan labari ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki ko haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne.

Kuma wallahi ba wai ba a san mafita ba. A 2009 gwamnatin Mimiko a jihar Ondo ta fara shirin Abiye, ta riƙa bai wa mai ciki wayar salula da za ta kira ma'aikacin lafiyar da aka haɗa ta da shi. Zamanin Jonathan, shirin SURE-P ya riƙa biyan mace naira 5,000 kashi-kashi idan ta je awo, ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, ta koma a duba ta. Gwamnati ta canza a 2015, shirin ya tsaya. To, ciki ya san jam'iyya ne?

Abu uku nake so mu ɗora wa duk wanda ya zo neman ƙuri'armu. Na ɗaya, kuɗin su shiga wayar matar kai tsaye, kada su bi ta hannun wani ɗan siyasa, ko da namu ne. Na biyu, kowace mazaɓa ta samu lambar direban da za a kira da dare, a biya shi kuɗin mansa. Na uku, a tabbatar akwai ungozoma, wuta da jini a asibitin. Ina amfanin kiran waya idan za a je a tarar da ƙofa a kulle?

Sannan a mayar da shi doka, da kasonsa a kasafin kuɗi, yadda ba zai mutu da tafiyar gwamna ba.

Mu kuma maza, mu bar matanmu su je awo, mu sa musu kati a waya.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya.