Farin tabon ruwa a jikin kwano: tsami ke cire shi, ba gurza ba

Yau maganarmu a kan farin tabon nan ne da ke fitowa a jikin kwanon silba, da garwar madara, da butar shayi, bayan ruwa ya bushe a kansu.

Da farko ku sani, wannan tabo ba dauɗa ba ce. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ratsa duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, ya kwaso sinadarin farar ƙasa. A yankin Malbaza ta Nijar da Kalambaina ta Sakkwato, irin dutsen nan ne ake haƙa a yi siminti. To idan ruwa ya bushe a jikin ƙarfe, ruwan ya tafi, farar ƙasar ta zauna. Shi ya sa sabulu ba ya fitar da ita, ko ka wanke sau goma.

Ina ruwanka da wannan? Kai ɗan kasuwa, ka ɗauko kwanuka daga Kano za ka kai Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, mai saye ya ga tabo sai ya ce kwance ne, ya karya maka farashi. Ke kuma mai tallar nono, wannan ɓawon da ke manne a cikin garwa maɓoyar ƙwayoyin cuta ne. Madarar safe sai ta lalace tun ba ki isa kasuwa ba.

Maganinsa tsami ne. Ka samu lemun tsami, ko ruwan tsamiya da aka jiƙa aka tace, ko ruwan kal da ake sayarwa a kanti. In ruwan kal ne, a haɗa kofi 1 da kofi 1 na ruwa. A jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa a kan tabon, a bari minti 10 zuwa 15, a goge, a ɗauraye, a tsane nan take da busasshen ƙyalle. Butar shayi kuwa, a matse lemu 2 a cikin ruwa, a tafasa, a bari ya huce, a zubar. Ɓawon zai saki da kansa.

Amma fa ƙarfe suna ya tara. Kwanon silba yana jure tsami, sai dai ba ya son soson ƙarfe ko yashi. Ka gurza shi, ka yi masa zane, gobe tabon ya fi kamawa a cikin zanen. Tukunyar alminiyam kada a bar tsami ya kwana a cikinta, kuma toka da kanwa suna sa ta yi baƙi. Bokitin da aka shafa wa tutiya, wato irin kwanon rufi, tsami yana cin shafen har tsatsa ta shiga. Shi kada ma a zuba masa nono.

Ga gargaɗi babba: kada a taɓa haɗa ruwan bilic, wanda a Nijar ake kira jabel, da lemun tsami ko ruwan kal. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu.

Game da garwar madara, ana juyewa a fara ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin tafasasshen ruwa dafa madarar yake yi ta manne. Bayan nan sai ruwan zafi da sabulu. Tsami kuma sau 1 a mako ya isa. A kife ta a kan karaga ta sha iska, ba a ƙasa ba.

'Yan kasuwa, in ruwan sama ya taɓa kaya a hanya, ku kwance kwali da isarku, ku raba kwanukan, ku goge su ɗaya bayan ɗaya. Kwanon da aka tsane da wuri ba ya yin tabo.

Allah ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Sai mun sake haɗuwa.