Uwar Miji da Ɗakin Mai Jego

Idan Allah Ya azurta mace da jika, aka raɗa suna ran bakwai, sau da yawa ɗoki yakan mantar da uwar miji cewa ɗan da ta goya ya zama maigida, matarsa kuwa tana da haƙƙin sirrin ɗakinta, wanda Suratun Nur ta kiyaye da umarnin neman izini kafin shiga. Ba a hana ta nasiha ba, domin ta ga jiya ta ga yau. Amma idan likita ya hana yawan kunun kanwa, wanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego, ko ya ce nono zalla har wata 6, lalle hukuncin na iyayen jariri ne.