Hurumin Ceto a Sama da Ruwa: Ina Matsayin Jigawa?



Kalmar hurumi tsohuwa ce a Hausa. Idan fatake suka ɓace a daji, dagacin da dajin yake ƙasarsa shi ake tambaya. A kan irin wannan tsari duniya ta kasa sararin samaniya da teku.

A shekarar 1944 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Chicago kan zirga-zirgar jiragen sama, kashi na 12 na ƙa'idojinta kuwa ya shafi nema da ceto. Sararin Nijeriya sunan Kano yake amsawa a taswirar matuƙa jirgi. Daga arewa na Yamai ne, daga gabas na Njamena. Saboda haka idan jirgi ya tashi daga filin Dutse, wanda aka buɗe a 2014, aka daina jin ɗuriyarsa kafin ya tsallake iyaka, hukumar NAMA ce za ta fara cigiya, tare da NEMA mai karɓar siginar tauraron ɗan'adam a Abuja. Da ya shiga sararin Damagaram, nauyi ya koma kan Yamai.

Na teku ya zo daga baya, da yarjejeniyar Hamburg ta 1979. Cibiyar NIMASA da ke Legas tana kula da gaɓar ƙasashe 9, daga Togo har Kwango. A lura, wannan rabo na aiki ne; bai ƙara wa kowa ko taƙi ɗaya na mulki ba.

To, Jigawa ba ta da teku, amma tana da kogin Haɗeja. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Jahun da Miga ya san abin da nake nufi. Idan kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa, hurumin wa ne? Hukumar NIWA mai lura da hanyoyin ruwan cikin gida hedkwatarta tana Lokoja. Hukumar agajin gaggawa ta jiha tana Dutse. Wanda yake bakin ruwa a daidai lokacin shi ne Sarkin Ruwa da masuntansa, su ne kuma suke faɗawa.

A ganina, ku ma'aikata, ya kamata a yanka kogin nan mashigi-mashigi, a rubuta sunan mai kowane yanki, a ba shi rigunan ruwa da waya, kafin damina ta sauka.