Bambancin Tukunyar Ƙasa da Tangaram: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Daura

Wanda ya zauna a bakin hanyar Kongolam, inda kayan Nijeriya da na Nijar ke wucewa, zai ga tukwanen ƙasa na magina, zai kuma ga tangaram, wanda ake yi wa laƙabi da faɗi-ka-mutu. Mutane da yawa suna tsammani tangaram dutse ne ko ƙarau. Ba haka ba ne. Dukansu biyu yumɓu ne, wuta ce ta raba su.

Maginiya takan tara tukwanenta a fili, ta lulluɓe su da kara da itace, sa'an nan ta cinna wuta. Zafin ba ya cika wuce digiri 900 ba, saboda haka jikin tukunya yakan fito da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Tangaram kuwa a rufaffen tanderu ake gasa shi, da zafin digiri 1,200 ko fiye, har yumɓun ya haɗe ya toshe, ruwa ba ya ratsa shi.

Kada a ɗauka ƙofofin nan aibu ne. Ta nan randa ke tsatsafo, iska ta busar da jikinta, ruwan ciki ya yi sanyi ko da a tsakiyar bazara. An ga shaidar wannan a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, inda wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga a 1954. Tulunan da ta gina aka gasa irin gashin tangaram sun yi suna har Ingila, amma sun yi nauyi, kuma sun daina sanyaya ruwa. Sun koma kayan ado.

Sai dai ƙofofin da ke kawo sanyi su ne ke riƙe dauɗa. Don haka ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su gaya wa jama'a a riƙa wanke randa a kai a kai, a rufe bakinta, a kuma ware mata moɗa guda. Tangaram ya fi sauƙin wanki, amma ba a ɗora shi bisa murhu, gama yakan fashe. Wani mai arha kuma akwai dalma a cikin fentinsa, abu mai tsami kamar kunun tsamiya yana iya narko ta, ita kuwa dalma guba ce, musamman ga yara.