Yadda Aka Buɗe Tashoshin Sin Da Bakin Bindiga

 

Da yawa daga cikinmu Gwanzu muke zuwa saro kaya, to bari mu waiwayi tarihin garin. Tun daga 1757, nan kaɗai Sarkin Sin ya yarje wa jiragen Turawa su yi ciniki. Turawan Ingila na sayen shayi da siliki, su kuwa Sinawa azurfa suke so, ba hajar Ingila ba. Sai Turawan suka riƙa shigo da ofiyom daga Indiya, kayan mayen da Sin ta haramta. A 1839 wani jami'i, Lin Zexu, ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya lalata. Yaƙi ya ɓarke, Sin ta sha kashi.

A 1842 aka sa hannu kan yarjejeniyar Nanjin. Aka buɗe tashoshi biyar, har da Gwanzu da Shanghai, aka miƙa wa Ingila tsibirin Hong Kong, Sin ta biya diyyar dala miliyan 21 ta azurfa. Mafi ciwo, aka ƙayyade kuɗin kwastan wajen kashi 5 cikin ɗari, Sin ba ta sake samun ikon yanke shi da kanta ba sai wajen 1930.

Mu masu kwana a bakin boda mun san darajar wannan iko. Duk yarjejeniyar cinikin da gwamnatocinmu za su shiga, ƙungiyarmu ta nemi a ji ta bakinmu kafin a sa hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya sa wa kasuwarmu albarka.