Cin Abinci A Kan Hanya: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron 'Yan Kasuwa Na Sabo, Ibadan

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne inda matafiyi zai tsaya ya ci abinci. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To ba ƙarama ba ce, domin tun da aka kafa unguwar nan ta Sabo a 1916 iyayenmu a kan hanya suke, a kai goro Arewa, a kawo shanu Kudu, mu ma haka muka tashi muka tarar. Wanda rabin rayuwarsa a mota take, lafiyarsa da halaliyar abin da ke shiga cikinsa suna hannun mai tukunyar bakin titi.

Shawararmu ta farko ita ce, kada mutum ya bari yunwa ta zaɓa masa wurin tsayawa. Tun kafin mota ta tashi a san inda za a ci. Masu bin tsohuwar hanya sun san Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba da Mokwa. Da hanyar Birnin Gwari ta yi fama da rashin tsaro, da yawa daga cikinmu suka koma bi ta Akure, Owo, Okene da Lokoja zuwa Abuja. Kusan kowane babban gari a nan yana da zango ko unguwar Hausawa. In ka sauka, nemi masallaci ko wurin mai shayi ka yi sallama, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Direbobin manyan motoci su ma malamai ne a wannan fanni, saboda mutumin da ke bin hanya duk mako ba zai koma inda cikinsa ya taɓa ɓaci ba. Inda ka ga tireloli sun yi layi, ga buta ga shimfiɗar salla, galibi akwai alheri. Amma a lura, wani direban motar fasinja yana tsayawa ne inda ake ba shi nasa kwanon kyauta don ya kawo ciniki. Tsayawarsa ba shaida ba ce, sai ka duba da idonka.

Me za ka duba? Na ɗaya, zafi. Abincin da aka kwaso daga kan wuta yana tururi ya fi wanda ya wuni a roba, ko da na robar ya fi kyan gani. Bukkar da ke da ciniki tukunyarta ba ta kwana. Na biyu, leƙa bayan rumfa ka ga ruwan wanke kwanuka. In baho ɗaya ne tun safe, ya yi kauri da manja, to yi gaba. Na uku, hannun da ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ne ke ɗauko maka nama.

Sai maganar nama, wadda ita ce ta fi damun mu. Malamanmu sun karantar da mu a Suratul Ma'ida cewa mushe da jini da naman alade haramun ne, kuma a cikin surar aka halatta abincin Ahlul Kitabi. Saboda haka ba kowane abincin wanda ba Musulmi ba ne abin gudu. Abin da ake so shi ne tambaya: naman mene ne, daga ina aka sayo? A garuruwa da yawa na Kudu 'yan'uwanmu Musulmi ne ke yanka a mayanka, to wannan ba matsala. Inda ake taka-tsantsan shi ne naman daji, irin wanda ake bajewa a Ore da sauran hanyoyin kurmi, domin sau da yawa a tarko ya mutu, ba a yanka ba. Haka kuma in ana dafa alade a wuri, a tuna cewa ludayi ɗaya kan zagaya tukwane. In ka yi kokwanto, ci kifi, shi ba ya bukatar yanka, kuma Jebba da Lokoja duk a bakin kogin Kwara suke. Ko ka nemi dafaffen ƙwai, ko ƙosai mai zafi da burodi, ko gasasshiyar agada, ko ayaba da lemo waɗanda kai za ka ɓare da hannunka.

Ruwa kuma, jama'a, ya fi nama kashe matafiya. Annobar kwalara ta 2021 ta ci rayuka fiye da 3,000 a ƙasar nan, kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga. A sayi ruwan da bakinsa ke rufe, a guji ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, a wanke hannu da sabulu. In gudawa ta kama ɗan tafiya, a haɗa masa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa har a isa asibiti. Kada a ce sai an kai gida.

Muna kuma jan kunnen yaranmu masu rakiyar kaya: kada a karɓi abin ci ko abin sha daga hannun wanda ba a sani ba, musamman in akwai kuɗi a jiki. Guzuri bai tsufa ba. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino da garin kwaki sun raka kakanninmu tafiyar da ta fi tamu nisa.

Daga ƙarshe, mu baƙi ne a ƙasar mutane. In ka ga abin da ba ka ci, ka ce na gode ka wuce, ba sai ka yatsina fuska ko ka zagi abincin wani ba. Amala da miyar ewedu a hannun mace mai tsabta sun fi tuwon shinkafar da ƙuda ya wuni a kai. Muna roƙon shugabanni su ajiye littafi a ofishin ƙungiya, duk wanda ya dawo ya faɗi inda ya ci ya ji daɗi da inda ya ga ƙazanta, domin na baya su amfana.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya ciyar da mu halal, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.