Wuta da Bakin Tsofaffi: Yadda Mutanen Ailan Suka Adana Gadonsu



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda mutanen Ailan, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila, suka yi asarar takardunsu na tarihi, da kuma hanyar da suka bi suka ceto abin da ya rage a bakin tsofaffinsu.

Ran 30 ga watan Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasar ƙasar, gobara ta cinye gidan ajiye takardun hukuma da ke babban birninsu, Dablin. Takardun da aka tara tun daga ƙarni na 13, na shari'a, da na wasiyya, da na coci, da mafi yawan na ƙidayar jama'a daga 1821 zuwa 1851, duk suka zama toka a wuni guda. Gaskiya ne akwai littattafan da wutar ba ta shafa ba, kamar Littafin Kells, wanda aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, yake kuma ajiye a Kwalejin Trinity. Amma irin waɗannan gadon malamai ne da manyan gari. Labarin manomi da masunci ba ya cikinsu.

Shi labarin talaka a baki yake, bakin kuwa yana ta ƙarewa. Babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, akasarinsu masu magana da harshen ƙasar na asali. Ingilishi ya ci gaba da mamaye ƙauyuka, har ya zamana duk tsohon da aka binne, an binne shi da tatsuniyoyin da ba wanda ya gada.

Ganin haka ne gwamnati ta kafa Hukumar Tattara Adabin Baka a 1935, ta danƙa ta a hannun Séamus Ó Duilearga. Hukumar ta ɗauki ma'aikata, yawancinsu 'yan ƙasar da za su yi aiki a cikinta, domin tsoho ba ya sakin jiki da baƙo. Sukan bi gida gida ɗauke da na'urar ɗaukar magana mai suna Ediphone, wadda ke naɗe murya a jikin wani faifan kaki mai siffar gwangwani. In sun koma masauki sai su zauna su rubuta abin da suka ɗauko kalma bayan kalma. Saboda ƙarancin kuɗi, akan kankare faifan a sake amfani da shi, don haka maganar ta tsira a takarda, amma muryoyi da yawa sun tafi ke nan.

To, abin da ya fi jawo hankalina shi ne aikin 'yan makaranta. Daga 1937 zuwa 1939 aka sa yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare wajen 5,000 su koma gida su tambayi iyayensu da kakanninsu da maƙwabta. Suka rubuto tatsuniyoyi, da karin magana, da kacici-kacici, da magungunan gargajiya, da wasannin yara, da sunayen wurare, har da abin da ake tunawa na zamanin yunwa. An kuma hore su da rubuta sunan wanda ya ba da labarin da inda yake zaune, domin maganar da ba a san mai ita ba ba ta zama hujja. Da haka aka tara shafi kimanin 740,000.

A 1971 aka mayar da dukkan ajiyar hukumar hannun Kwalejin Jami'a ta Dablin. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin muhimman takardun duniya, yanzu kuma rubutun yaran nan yana intanet, jika na iya karanta abin da kakarsa ta rubuta tana yarinya. Takardun da suka ƙone ma, a 2022 aka buɗe wani rumbu a intanet inda ake harhaɗa kwafe-kwafensu da aka samo daga wasu wurare.

Wani abin sha'awa, mu ma muna da ɗan rabo a wannan tsibiri, don a birnin Belfast aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, gobarar Dablin kowa ya gan ta, amma mutuwar tsoho gobara ce marar hayaƙi. Mutanen Ailan sun gane da sanyin safiya ake kama fara, ba su kuwa jira masu digiri ba, yara ne da alƙalami da littafin rubutu suka yi babban rabon aikin. Hutu na tafe, kowannenmu kuma ya san tsohon da ya kamata ya je ya zauna a gabansa.

Nan zan dakata.